Ruwa a Matsayin Magani: Tsarin Jinya a Karlovy Vary

Fassara sunan irin waɗannan cibiyoyi da "wurin shaƙatawa" ba ta ɗauke ma'anarsu duka ba. A Karlovy Vary, garin da ke yammacin Jamhuriyar Cek, baƙo kan sauka a otal ne, amma likita ke karɓarsa, ya auna shi, ya rubuta masa maɓuɓɓugar da zai sha da adadin da zai sha. Jinyar kan ɗauki kimanin mako uku, kuma inshorar lafiya ta ƙasar tana biyan kuɗinta ga wasu majinyata idan likita ya tura su.

Garin ya samo sunansa daga Sarki Charles na Huɗu, wanda ya ba shi matsayin gari a 1370. Da farko wanka ne ginshiƙin jinyar: a jiƙa majinyaci cikin ruwa sa'o'i masu yawa har fatarsa ta tsattsage, bisa zaton cewa ta nan cuta ke fita. A 1522 likita Václav Payer ya wallafa littafi yana ba da shawarar a riƙa shan ruwan. Sai dai David Becher (1725–1792) ne ya daidaita al'amarin. Ya binciki sinadaran ruwan, ya rage yawan abin da ake sha, ya kuma nace a sha shi a bakin maɓuɓɓuga, ana tattaki tsakanin kofi da kofi.

Babbar maɓuɓɓugar, Vřídlo, zafinta ya haura digiri 70, tana kuma feso ruwa sama har mita 12. Ruwan na ɗauke da gishirin salfet mai sassauta hanji, da wani sinadari dangin kanwa mai kwantar da tsamin ciki. Wanda ya san yadda Bahaushe ke jiƙa kanwa don ciwon ciki ba zai yi mamaki ba. Shi ya sa aka fi tura masu lalurar ciki, hanta, matsarmama da ciwon sukari.

A nan manazarci ke buƙatar taka-tsantsan. Majinyacin da ya yi mako uku yana cin abinci bisa ƙa'ida, yana tattaki, ana yi masa tausa da gashi, ya kuma nisanci hayaniyar aiki, da wuya a ce ruwa kaɗai ya ba shi sauƙi. A 2021 UNESCO ta sanya garin cikin garuruwa 11 na Turai masu irin wannan gado, amma tarihi da gine-gine ta duba, ba ingancin magani ba.