WA KE YANKA WA GUMI FARASHI? Albashi a ƙasashen gurguzu da kuɗin gujiya a ƙasar Tasawa

Duk wanda ya noma gujiya a Hawandawaki, can kudu da Tasawa daf da iyakar Najeriya, a cikin shekarun 1960, ya san yadda ake buɗe kasuwarta. Babu tayi, babu albarka. Daga Yamai ake yanko farashin kilo tun kafin kaka, a sanar ta gidan rediyo, manomi kuwa nasa shi ne ya kai buhunsa gaban sikeli. Kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 shi kaɗai ke da ikon fitar da gujiya waje, ƙungiyar UNCC, ita ma ta 1962, ita ke kula da bashi da ƙungiyoyin gama kai na ƙauyuka. Nijar ba ta taɓa bin tafarkin gurguzu ba, gwamnatin Diori Hamani ma gaba ta yi da jam'iyyar Sawaba mai abota da Mosko da Pekin. Amma ta yi tsarin shekara uku daga 1961 zuwa 1963, ta yi na shekara biyar daga 1979 zuwa 1983, ta kuwa ɗanɗana abin da ke faruwa sa'ad da alƙalamin gwamnati ne ke faɗin darajar wahalar mutum. Saboda haka ya kamata mu leƙa ƙasar da aka kai wannan al'amari maƙurarsa, watau Tarayyar Sobiyet.

Mutane da yawa suna zaton a can kowa albashinsa ɗaya ne. Ba haka ba ne. Tun a watan Yuni na 1931 Stalin ya fito ya yi Allah wadai da daidaita albashi, domin ya ga gwanaye suna barin masana'antu tun da ba su fi ƴan koyo samu ba. Daga nan aka koma biyan mutum gwargwadon abin da hannunsa ya fitar. A 1935 aka yi ta kururuta sunan wani mai haƙar kwal, Alekse Stakhanov, wanda aka ce ya haƙo tan 102 a zubin aiki guda, aka mai da shi abin koyi. A 1955 aka kafa hukuma ta musamman mai kula da aiki da albashi, ita ce ta yi gyaran da aka gudanar daga 1956 zuwa 1962. Aka jera ma'aikatan masana'antu bisa matakai, galibi guda shida, kowane mataki da kuɗinsa, sa'an nan a ƙara wa mai aiki cikin haɗari ko zafi, a ƙara wa wanda ya yarda ya tafi arewa mai ƙanƙara, inda a wasu wuraren har ninka albashin ake yi.

To, ga abin da ƙididdigar gwamnatin kanta ta nuna a 1985. Matsakaicin albashi a wata rubul 190 ne. Masu aikin gini suna karɓar kimanin 237, na masana'antu 211. Ma'aikatan ilimi 150. Ma'aikatan lafiya, idan aka haɗa likita da ungozoma da mai shara aka raba, 133. Masu kula da ɗakunan karatu da gidajen tarihi 117. Mai haƙar kwal a ƙarƙashin ƙasa kuwa ya haura 300. Sabon injiniya da ya kwashe shekara biyar a jami'a yakan fara da wajen rubul 120, alhali direban bas a babban birni yana iya ninka shi. A 1940 injiniya yana samun fiye da ninki biyu na abin da lebura ke samu. Kafin 1985 ratar ta koma kashi 10 cikin ɗari kacal.

Mai karatu na ƙasarmu, wanda ya tashi yana ganin mushen lakkol da likita su ne manyan gari, zai ce duniya ce ta juya baya. Amma akwai dalili. A lissafin masu tsara tattalin arzikin Sobiyet aiki iri biyu ne: wanda ke fitar da kayan da za a taɓa da hannu, kamar kwal da ƙarfe da siminti, da wanda ba ya fitar da su. Koyarwa da jinya suna cikin na biyun, don haka sai abin da ya rage ake ba su. Wani dalilin kuma, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne wajen kashi 70 cikin ɗari na likitocin ƙasar mata ne, haka nan mafi yawan malaman makaranta. Sana'ar da mata suka cika, albashinta a ƙasa yake zama, a Gabas da Yamma duka.

Sai dai fa abin da ke rubuce a takarda bai taɓa zama dukan labarin ba. Kuɗin hayar gida kaɗan ne ƙwarai, makaranta da asibiti kyauta, burodi da araha. Amma kuɗi a aljihu ba ya nufin kaya a hannu. Mota ƙirar Zhiguli ta fi albashin shekara biyu, kuma ko mutum ya tara kuɗin sai ya jira shekaru kafin layi ya zo kansa. Manyan jam'iyya, waɗanda albashinsu a takarda bai yi wani tashin hankali ba, suna da kantunansu da asibitocinsu da gidajen hutawarsu. Mai sayar da nama a kantin gwamnati albashinsa bai kai matsakaici ba, amma duk unguwa gaishe shi ake yi, domin shi ya san abin da ke ƙarƙashin tebur. Ko masu haƙar kwal ɗin, da suka shiga yajin aiki a Kuzbas da Donbas cikin Yulin 1989, ɗaya daga kokensu shi ne babu sabulun da za su wanke jiki in sun fito daga rami.

Manomi fa, ina nasa matakin? Shekara da shekaru babu shi. Wanda ke cikin gonar gama kai, wadda suke kira kolkoz, ba albashi ake ba shi ba, ana rubuta masa «ranakun aiki» ne a littafi. In an girbe, gwamnati ta ɗebi nata bisa farashin da ta yanka, a ware iri da abincin dabbobi, abin da ya saura shi ake rabawa bisa yawan ranakun. Wata shekarar a sami ɗan hatsi, wata shekarar sai rubutun. Sai a 1965 manomi ya fara karɓar fansho na gwamnati, mafi ƙanƙanta rubul 12 a wata. Sai a 1966 aka tabbatar masa da biyan kuɗi a kan kari. Katin shaidar da ke ba ɗan ƙasa damar ƙaura zuwa birni, sai bayan dokar 1974 aka fara ba shi. Abin da ya riƙe shi duk tsawon lokacin nan shi ne ƴar gayaunar bayan gida. Waɗannan ƴan filaye ba su wuce kashi 3 cikin ɗari na ƙasar da ake nomawa ba, amma wajen rubu'in amfanin gonar ƙasar daga cikinsu yake fitowa. A ƙasar Sin ma haka: a 1956 aka yi wa ma'aikatan masana'antu matakai takwas, manomi kuwa maki ake lissafa masa har zuwa farkon shekarun 1980.

A nan ne labarin ya dawo gida. A Nijar ma ma'aikacin gwamnati yana da rukuninsa, A ko B ko C ko D, da lambarsa ta albashi wadda takardar shaidarsa ta ba shi. Bambancin kawai shi ne a wurinmu mai biro ne a sama. Kuɗin da ake biyansa kuwa, kafin zuwan uraniyom, yawancinsa daga lanho da gujiya yake fitowa, domin a shekarun 1960 gujiya ce fiye da rabin abin da ƙasa ke sayarwa waje. Tun a 1962 masanin noma René Dumont, a littafinsa L'Afrique noire est mal partie, ya yi lissafin cewa a wasu sababbin ƙasashen Afirka abin da ɗan majalisa ke karɓa cikin wata shida ya kai abin da manomi ke samu cikin shekara 36. Da Faransa ta janye farashin rangwame da take sayen gujiyarmu da shi a wajen 1967, wanda ya ji a jikinsa shi ne mai gona.

Amma manomin Hawandawaki yana da abin da na kolkoz ba shi da shi: gonarsa tasa ce, kuma iyaka na kusa. Idan farashin Yamai bai yi masa ba, jaki ya san hanyar kasuwannin ƙasar Daura da Katsina. Da farin 1973 ya zo, cutar da ɗarɓa ta yaɗa ta kuma cinye gujiyar 1975, sai mutane suka koma wa hatsi da wake, SONARA ta yi ta ja da baya har ta rushe. Gwamnatin Seyni Kunce ta soke lanho a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin uraniyom ke shigowa.

Mai albashin ma nasa lokacin ya zo. A maƙwabciyarmu Benin, inda Matiyu Kereku ya ɗauki aƙidar Markus da Lenin a 1974, malamai da sauran ma'aikata sun yi watanni ba a biya su ba a 1989, suka fita yajin aiki, kafin ƙarshen shekarar gwamnati ta yar da aƙidar. Tarayyar Sobiyet ta watse a Disamban 1991, hauhawar farashi ta cinye ajiyar likita da ta mai haƙar kwal baki ɗaya. A Nijar ma'aikata sun shafe shekarun 1990 suna bin gwamnati bashin albashi, sa'an nan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi.