Tiyatar Gyaran Hanci: Bayani ga Majiyyata da Iyalansu

An ba ku wannan takarda ne saboda likitan sashen kunne da hanci da maƙogwaro yana ganin tiyata za ta iya sauƙaƙa muku numfashi. Ku karanta ta a natse a gida, ku rubuta tambayoyinku, ku zo da su ranar ganin likita. Idan kuna bukatar tafinta mai jin Hausa, ku sanar da mu tun kafin ranar. Asibiti ne ke samar da shi, ba za ku biya ko kwabo ba. Ba ma son a sa yaro ya yi wa iyayensa tafinta a kan maganar tiyata.

Me ke toshe hancin?

A tsakiyar hanci akwai wani siririn shamaki da ya raba ƙofar dama da ta hagu. Gabansa guringuntsi ne, bayansa kuma ƙashi. Mutane da yawa nasu ya ɗan karkata kuma bai dame su ba. Amma idan karkatar ta yi yawa, ko tun daga girma ko sakamakon bugu ko faɗuwa, sai ta matse hanyar iska. Mutum ya riƙa kwana baki buɗe, ya tashi maƙogwaro a bushe, wani lokaci har da haɓo.

Aikin miƙe wannan shamaki shi ake kira septoplasti. Ta cikin ƙofar hanci ake yin sa, babu yanka a fuska, kuma yawanci bai kai awa ɗaya ba. Idan karan hancin kansa ya karkace daga waje, miƙe shamakin kaɗai ba zai wadatar ba, sai an haɗa da gyaran ƙasusuwan. Wannan shi ne septorainoplasti. Yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa uku, kuma wani lokaci akan yi ɗan yanka a fatar da ke tsakanin ƙofofin biyu. Idan guringuntsin hanci bai isa gyara ba, ana iya ɗebo wani daga kunne ko haƙarƙari, amma sai an tattauna da ku tukuna. Ba a cika yi wa wanda bai kai shekara 16 ba, domin hancinsa bai gama girma ba.

Dole ne a yi tiyatar?

A'a. Karkataccen shamaki ba ya kisa, kuma ba ya rikiɗewa ya zama wata cuta. Idan toshewar ba ta hana ku barci ko aiki, kuna iya barin ta. Ba kowace toshewa ce kuma wuƙa ke magani ba. Wadda ƙura ko gashin dabbobi ko furen ciyawa na lokacin bazarar Ingila ke tayarwa, daga kumburin fatar cikin hanci take zuwa, kuma maganin feshi na siteroyid da wankin hanci da ruwan gishiri su ake fara gwadawa, na tsawon makonni. Ku faɗa wa likita idan kun daɗe kuna amfani da feshin buɗe hanci na kanti, irin su Otrivine. Idan aka wuce 'yan kwanaki ana fesa shi, shi da kansa yakan mai da hanci toshe.

Hukumar lafiya ta NHS tana yin wannan aiki ne domin numfashi, ko gyaran hancin da rauni ya ɓata, ko nakasar haihuwa. Ba ta cika biyan kuɗin tiyatar da manufarta kwalliya ce kawai ba. Wanda ya zaɓi zuwa asibitin kuɗi, ya tabbatar likitan yana cikin rajistar GMC, asibitin kuma, idan a Ingila yake, yana da rajista da hukumar CQC. Wanda zai je wata ƙasa saboda araha, ya fara tambayar kansa wanda zai duba shi idan matsala ta taso bayan ya dawo.

Ku gaya wa likita a fili abin da kuke fata. Hancin da fatarsa ke da kauri, kamar na yawancin mutanen Afirka ta Yamma, yakan daɗe kafin kumburinsa ya sauka, kuma ƙananan gyare-gyare ba sa fitowa a kansa sosai. Likita da hancin da kuka zo da shi zai yi aiki. Ba zai iya ba ku na cikin hoton wani ba.

Kafin ranar tiyata

Za a kira ku ganawa da ma'aikaciyar jinya domin awon jini da sauran gwaje-gwaje. Ku zo da duk magungunan da kuke sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya da aka aiko muku daga gida. Kada ku ji nauyin nuna su. Wasunsu na tsinka jini, kuma likitan sa barci yana bukatar ya sani. Masu shan asfirin, warfarin, apixaban ko clopidogrel, kada ku daina da kanku, za a faɗa muku ranar dainawa idan akwai bukata. Haka nan ku ambaci allurar ciwon sukari ko ta rage ƙiba, irin su Ozempic da Mounjaro, domin tana jinkirta fitar abinci daga ciki.

Abu uku ne muke roƙon kada ku manta da su. Idan kuna da sikila, ko akwai ta a danginku, ku faɗa, domin maganin sa barci yana bukatar shiri na musamman ga mai ita. Idan ba a taɓa gwada ku ba, ana iya gwadawa. Haka ma ƙarancin sinadarin G6PD. Sannan idan tabo yakan yi muku tudu ya ci gaba da girma, kamar yadda yakan faru bayan hujin kunne, ku nuna wa likita.

Sigari da shisha da tabar da ake shaƙa ta hanci duk suna jinkirta warkewa. Ku daina tun da sauran makonni. Idan mura ta kama ku dab da ranar, ku bugo waya, wataƙila a ɗaga aikin. Kada ku ci komai awa 6 kafin tiyata. Ruwa zalla kuna iya sha har zuwa awa 2 kafinta, sai dai idan wasiƙarku ta ce wani abu dabam. Idan ranar da aka ba ku ta faɗo cikin watan azumi, ku yi mana magana da wuri, domin za ku bukaci shan magani da rana.

Bayan kun farka

Za ku tarar hancin a toshe, kuna numfashi ta baki. Ana iya sa muku auduga a ciki don tsai da jini, a cire bayan 'yan awoyi ko washegari. Cirewar ba ta da daɗi, amma ba ta daɗewa. Wasu akan sa musu siraran roba a ciki, ko abin tallafi a kan karan hanci, a cire bayan kamar mako guda. Zaren ɗinkin ciki da kansa yake narkewa. Yawancin mutane a ranar suke komawa gida, amma dole wani babba ya zo ya ɗauke ku, ya kwana tare da ku. Cikin awa 24 na farko kada ku tuƙa mota, kada ku sa hannu a muhimmiyar takarda.

A nan ne mutane da yawa ke karaya. Makonni biyun farko hancin zai fi toshewa fiye da kafin tiyata, kamar mai fama da mura mai tsanani, ga majina mai jini-jini da ɓawo a ciki. Wannan kumburi ne, ba alamar aiki ya ɓaci ba ne. Numfashi yakan buɗe a hankali cikin makonni, wani sai ya kai wata uku. Idan an taɓa ƙashi, ƙasan idanu zai kumbura ya yi duhu na kusan mako biyu, ainihin surar hancin kuwa tana iya kai shekara guda kafin ta zauna.

Kada ku fyace hanci a makon farko, sai dai ku goge a hankali. Idan atishawa ta zo, ku buɗe baki. Ku kwanta da matashi biyu ko uku. Ku wanke cikin hancin da ruwan gishiri yadda aka nuna muku. Ku nisanci hayaƙi, har da na turaren wuta, da wanka da ruwa mai zafi sosai, da ɗaukar kaya masu nauyi. Farasitamol yakan isa ga zafin.

Masu salla sukan tambaye mu game da alwala da sujada. Ta fuskar lafiya, kada ku shaƙa ruwa da ƙarfi ku fyace, kada ku jiƙa abin da aka ɗora a kan hanci, kuma sunkuyar da kai ƙasa a kwanakin farko na iya tayar da jini. Yadda za ku yi ibada a wannan hali, ku tambayi malaminku ko limamin asibiti.

Ku ɗauki hutun mako biyu daga aiki. Za mu ba ku takardar shaida. Kada ku shiga jirgin sama cikin wannan lokaci, kuma idan kuna shirin tafiya gida a lokacin hunturu, ku tambayi likita tukuna, domin ƙura da bushewar iska na sa haɓo. Ƙwallo da dambe sai bayan mako 6 aƙalla. Idan an gyara ƙashi, kada tabarau ya zauna a kan karan hanci sai likita ya yarda.

Matsalolin da kan iya faruwa

Wadda ta fi yawa ita ce zubar jini. Haƙoran gaba na sama ko kan hanci kan yi sanyi kamar an ɗaure su, yawanci ya wuce cikin watanni. Jifa-jifa rami kan ɓulla a shamakin, ya riƙa fito idan ana numfashi ko ya riƙa tara ɓawo. Da wuya, karan hanci kan lotsa, ko jin ƙanshi ya ragu. Guringuntsi kuma yana iya sake karkata. Cikin mutum 100 da aka gyara wa surar hanci, kimanin 5 zuwa 10 sukan bukaci aiki na biyu, wanda ba a cika yi ba sai bayan shekara.

Yaushe za ku nemi taimako?

Idan jini ya ɓalle, ku zauna, ku ɗan karkato gaba, ku tofar da wanda ya gangaro baki, ku sa ƙanƙara a goshi ko ku tsotse ta. Idan bai tsaya ba bayan minti 15, ku tafi sashen gaggawa. Ku tafi a ranar kuma idan zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, hanci ya toshe gaba ɗaya, ya yi ja, ga zazzaɓi, domin jini ko mugunya na iya taruwa a cikin shamakin, kuma jinkiri na lalata guringuntsi. Idan gani ya canza, ko ruwa garau yana ta ɗiga daga hanci tare da matsanancin ciwon kai, ko jini ya yi yawa har kuna jin jiri, ku kira 999. Don shawara da dare ko a ƙarshen mako, ku kira 111, ku faɗi sunan harshenku, za a haɗa ku da tafinta.