Katin da ya faɗi a Ibadan

A watan Oktoban 1961, Najeriya na da shekara ɗaya da samun 'yancin kai, wata budurwa Ba'amurkiya ta rubuta wa wani abokinta 'yar wasiƙa a bayan kati, irin wanda ake aikawa ba ambulan. Tana cikin rukunin farko da aka turo Najeriya na 'yan sa-kai na Peace Corps, shirin da Shugaba John Kennedy ya kafa a wannan shekarar, ana ba su horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan kafin a rarraba su makarantu. A katin ta bayyana yadda talauci da ƙazantar da ta gani a tituna suka girgiza ta. Katin bai kai akwatin gidan waya ba. Faɗuwa ya yi, ya shiga hannun ɗalibai, aka kwafe shi aka baza. Ɗalibai suka yi gangami suna neman a kori baƙin, labari ya kai jaridun duniya, ita kuwa ba ta daɗe ba ta bar ƙasar.

Na daɗe ina juya wannan labari a raina, domin ban ga alamar yarinyar ta zo da mugun nufi ba. Ta bar gida da jin daɗi, ta ƙetare teku don ta koyar da 'ya'yan wasu. Abin da ya kayar da ita shi ne ta yi makonni kaɗan ta ɗauka ta ga gari. Ta ga kwata da masu dafa abinci a bakin hanya, amma ba ta ga tsakar gida ba, ba ta ji abin da ake faɗa ba, ba ta kuma san cewa ɗaliban da take cin abinci kusa da su sun gaji da a kwatanta musu ƙasarsu da bakin wani ba. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Makantar ba aibi ba ce, kowa da irinta yake sauka. Aibin shi ne makaho ya ƙi sanda, ya ce shi zai yi wa 'yan gari jagora.

Waɗanda suka tsara irin wannan aiki da farko sun san da haka, gwargwado. Alec Dickson, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta VSO a Ingila tare da matarsa Mora a 1958, ya riga ya yi shekaru yana horar da matasa a Man O' War Bay, a Kudancin Kamaru, lokacin yankin yana haɗe da Najeriya. Peace Corps kuma ta tsayar da wa'adinta a kan shekara biyu, bayan horon kusan wata uku wanda kaso mai yawa nasa koyon harshe ne. A Nijar, inda shirin ya yi aiki daga 1962 har aka janye shi a 2011 saboda matsalar tsaro, an sha ganin Ba'amurke a ƙauye yana jin Hausa ko Zabarmanci, yana shan fura, 'yan gari sun raɗa masa suna. Shekara biyun nan ba a banza aka zaɓe ta ba. Ta farko takan ƙare ne wajen koyon gaisuwa, da sanin wa ake fara zuwa wurinsa kafin a haƙa rijiya, da gane cewa "to, za mu duba" wani lokaci a'a ce cikin ladabi. Sai a ta biyu mutum yake fara yin amfani.

Mu ma muna aikawa, ko da yake ba a cika maganar ba. A 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje, Najeriya ta kafa shirin TAC, wanda ke tura likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da tsibiran Karebiyan da na Pasifik, su ma na shekara biyu. Sun je Gambiya da Saliyo da Yuganda, har Jamaika da Fiji. A nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, domin ɗan Najeriya yakan fita da jin cewa shi babban yaya ne a nahiyar. Sai ya sauka inda ba a san sunan garinsu ba, inda ɗaga muryar da ya saba da ita a ofis take zama rashin kunya, inda sai ya nemi mai yi masa tafinta kafin ya tambayi majinyaci inda ke masa ciwo. Malamin da ya je koyarwa ya koma ɗan aji ɗaya a kasuwa. Wanda ya haƙura da wannan ƙasƙanci na ɗan lokaci yakan dawo da kunne mai saurare, kuma wannan ya fi alawus ɗin da ya tara daraja.

Ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro ba sa kwance kaya sai sun sami mai masauki a zango, wanda zai tsaya musu a ciniki ya gaya musu abin da gari ya hana. Alhazan da suka taka ƙasa zuwa Makka ta Chadi da Sudan sun yi noma da ƙwadago a gonakin mutane shekara da shekaru, wasunsu can suka zauna. Abubakar Imam ma da ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, da ya dawo ya rubuta littafi a kan abin da ya gano, ya sa masa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ina fata da 'yan TAC ɗinmu za su riƙa rubuta nasu, da Hausa, mu ji yadda Fiji take a idon mutumin Katsina.

Abin da ke damuna yau shi ne sa-kai na mako biyu, wanda ya zama kasuwanci. Matashi ya biya kamfani kuɗi, a kai shi gidan marayu a Kambodiya ko Nepal, ya rungumi yara, ya tafi, wani ya zo. Bincike ya nuna yawancin yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su da gida, kuma kuɗin baƙi na ƙara wa masu gidajen ƙwarin gwiwar tara yara. Abin ya kai Ostireliya ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin nau'in bautar zamani a 2018. Yaron da ake yi wa sabon ɗan'uwa kowane mako biyu, a kuma ƙwace shi, wa ya tambaye shi abin da ya koya daga tafiyar wani?

Katin Ibadan sai da ya faɗi ƙasa kafin waɗanda aka yi maganarsu su karanta shi. Na yau a waya yake, da hoton yaro marar riga da sunan ƙauyensu, ana ɗora shi a Facebook tun kafin baƙon ya koyi yadda ake gaida mahaifiyar yaron, ita kuma wani ɗanta da ke birni zai gani ya nuna mata.