Saniyar Maigida, Ƙwaryar Uwargida

Duk wanda ya bi hanyar Rano zuwa Kibiya da hantsi zai ci karo da matan Fulani a jere, kowace da ƙwarya a ka, an rufe da faifai, ludayi a sama. Daga rugagen Zinyau da kewaye suke fitowa. Mai saye ya tsayar da ɗaya, ya ce, "Inna, dama mini ta ɗari biyu," ya sha ya yi hamdala. Kafin wannan furar ta iso bakinsa, ta bi ta hannu biyu, na namiji da na mace, kuma kowane hannu da iyakarsa.

Garke na namiji ne. Shi ke kai shanu kiwo da mashaya, shi ke neman dusa da harawa da kanwa, shi ke yanke shawarar sayar da sa ko tafiya mashekari idan rani ya tsananta. A yawancin rugagen Fulanin da suka zauna wuri ɗaya, shi ko 'ya'yansa maza ne ke tatsa da asuba. Maruƙa sun kwana ɗaure a dangwali. A kwance ɗaya, ya ɗan tsotsa har nono ya sauko, sai a janye shi a sa ƙwarya. Farar saniyar Bunaji ba mai ambaliya ba ce: lita ɗaya zuwa biyu ake samu a yini, da rani ma bai kai haka ba. A nan ne ja-in-ja na farko yake. Maigida na so maraƙi ya ƙoshi don garke ya haɓaka, uwargida na so ƙwarya ta cika don tukunya ta hau wuta.

Da zarar madara ta shiga hannun mace, ta zama tata. Ita ke tacewa, ta dafa, ta bari ta huce, ta zuba ɗan ragowar nonon jiya, ta rufe ta ajiye. Wannan ragowar ce ke ɗauke da ƙwayoyin da ke tsamar da madara su daskarar da ita, washegari ta tashi kindirmo. Tsamin kuwa shi ne firijin ruga: madarar da za ta lalace cikin sa'o'i kaɗan a zafinmu, sai ta jure tafiyar kasuwa. Idan ta kaɗa kindirmon har mai ya taso, ta kwashe man shanu ta dunƙula, abin da ya rage shi ne nono. Sannan ga dakan gero da citta da kanumfari don fura. Kayan sayarwa uku ke nan daga ƙwarya ɗaya.

Kuɗin da ta dawo da su ba ta miƙa wa kowa. Da su take sayen gishiri da manja da sabulu da maganin yara, ta yi zubin adashe, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki. Mai bincike Ann Waters-Bayer, wadda ta zauna da Fulanin Abet a kudancin Kaduna a shekarun 1980, ta tarar da irin wannan rabon aiki: maza na tatsa, mata na sarrafawa da sayarwa, kuɗin kuma a hannunsu.

Yanzu sabuwar hanya ta buɗe. A 2020 Babban Bankin Najeriya ya taƙaita bayar da dala don shigo da madara, domin kamfanoni su koma sayen ta gida. A Kano, kamfanin L&Z na sayen madara daga makiyaya, shirin bunƙasa noma da kiwo na KSADP mai tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi kuma ya sa gina cibiyoyin tattara madara cikin ayyukansa. Alheri ne: ciniki tabbatacce, ba doguwar tafiya a rana, ba kwantai.

Sai dai cibiya ɗanyar madara take karɓa, tun da sassafe. Wa ke da babur ɗin kai ta? Namiji. Sunan wa aka fi rubutawa a ƙungiyar masu kai madara, asusun wa ake tura wa kuɗi? Na mai shanu. Idan ba a lura ba, madara za ta tashi daga nonon saniya ta faɗa tulun ƙarfe ba tare da ta ratsa ɗakin mace ba, kuɗin cefane su bi ta.

Gyaran ba shi da wuya. A rubuta matan da sunayensu, a biya su a asusunsu, a kafa cibiya inda ƙafa za ta kai, a sa su cikin masu auna madara da shugabancin ƙungiya, horon tsafta kuma a kai shi ruga a lokacin da suka sauke aiki. Matar da ta iya raya madara kwana biyu ba wutar lantarki ta san wannan sana'a tun kafin a gina cibiya ta farko. A faɗaɗa mata kasuwa, kada a karɓe mata ƙwarya.