Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Horar da Malaman Ƙauye a Sabon Birni da Isa

Mutanen ƙauyukan Sabon Birni da Isa sun san wannan matsala: a turo malami daga Sakkwato, ya yi zango ɗaya ko biyu, sai ya shiga neman canjin wurin aiki. Hanya ba kyau, ba gidan malamai, ga 'yan bindiga da suka addabi gabashin jihar har dubban mutane suka tsallaka zuwa yankin Maraɗi. Malamin da zai jure wannan shi ne wanda gonarsa da iyayensa suke Gatawa ko Bafarawa. Shi ya kamata a horar.

A tsarin ilimin Najeriya, takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar da ake koyarwa da ita, kuma shekara 3 ake yi a kwalejin ilimi kafin a same ta. Wanda ya riga ya kama aiki ba sai ya bar ajinsa ba. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana koyarwa daga nesa, a ƙarshen mako da lokutan hutu.

Buƙatar ta fi tsanani wajen mata, domin iyaye da yawa ba sa sakin 'ya mace da ta fara girma zuwa makarantar da babu malama. Wannan ya sa a 2008 aka ɓullo da shirin tallafi tare da UNICEF a jihohin Sakkwato, Katsina, Bauchi da Neja: a ɗauki 'yar ƙauye, a biya mata karatun NCE, ita kuma ta koma garinsu ta koyar na shekara 2. Dabarar tana da asali a ƙasar nan. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u ta horar da jajis, dattawan mata masu ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan da ake kira 'yan taru a ƙauyuka.

Sai dai horo kaɗai bai isa ba. Idan yarinya ta gama NCE ba a ɗauke ta aiki ba, an yi asarar kuɗi da lokaci. Saboda haka hakimai da kwamitocin makarantu su zaƙulo yaran garinsu da suka gama sakandare, ƙananan hukumomi su ɗauki nauyinsu, hukumar ilimin matakin farko ta jiha (SUBEB) kuma ta ba su aiki a mazaɓunsu, tare da alawus na zaman karkara da albashi a kan kari.