Gyaran hoto a kwamfuta: a share allo, a bar wa ido fili

A da, mai ɗaukar hoto yakan shiga ɗakin duhu ya wanke hotunansa da ruwan magani. Yau aikin ya koma cikin kwamfuta, kuma ba masu shagon hoto kaɗai ke yin sa ba. Ma'aikatan gwamnati masu shirya rahoto, da ƴan jarida, da malaman yaƙi da jahilci masu tsara littattafan karatu, duka suna bukatar hoto mai tsabta. Tsarin da ke cikin kwamfuta wanda ake yin aikin da shi ana kiran sa manhaja. Manhajojin da suka fi shahara su ne Photoshop, wadda kamfanin Adobe na Amurka ya fitar cikin shekara ta 1990, da GIMP, wadda wasu ɗalibai 2 na jami'ar Kalifoniya suka soma cikin 1995, ana kuwa samun ta kyauta.

Matsalar da ke damun masu wannan aiki ita ce ƙarancin fili. Allon ƙaramar kwamfuta irin ta ɗauka a hannu sau da yawa yana da ɗigo 1366 a faɗi da 768 a tsaye, watau ɗigo miliyan 1 da ƴan kai. Hoton wayar hannu kuwa yakan kai ɗigo miliyan 12. Ke nan idan aka buɗe hoton bisa ainihin girmansa, wajen kashi 1 cikin 12 ne kurum zai bayyana. Sa'an nan manhajar ta jera akwatunan kayan aikinta dama da hagu, sama da ƙasa. A misali, in suka ci ɗigo 300 a gefe da 150 a tsaye, fiye da sulusin allon ya tafi. Abin da ke biyo baya shi ne tabo a fuskar mutum, ko gefen da bai yanku daidai ba, wanda ba za a gani ba sai bayan an buga. Takarda da tawada sun salwanta, mai hoton katin shaida ya koma gida hannu sake.

Masu ƙera manhajojin sun san da wannan kuka. GIMP ta daɗe tana watsa tagoginta daban-daban bisa allo, har zuwa 2012 da aka ƙara mata hanyar tattara su cikin taga guda. A cikin ta faransanci ana samun wannan a ƙarƙashin Fenêtres, da sunan Mode fenêtre unique.

Dabara ta farko ba ta cin ko dala. A cikin manhajojin biyu, in aka danna Tab, akwatunan duka suna ɓuya, hoto ya samu sarari. In aka sake dannawa, su dawo. A Photoshop, in aka haɗa Maj da Tab, jerin kayan aiki na hagu yana tsayawa, akwatunan dama su kau. Harafin F kuma yana sauya kamannin allo iri 3, har hoton ya cika shi baki ɗaya. A GIMP, F11 ke wannan aiki. In an riƙe dogon madannin nan na barin tazara, ana iya jan hoton gefe zuwa gefe ba tare da an ajiye abin da ake aiki da shi ba.

Dabara ta biyu ita ce zaɓe. Tela gwani ba ya tara almakashi da zare bisa yadin da zai yanka. Haka nan mai gyaran hoto zai duba abin da yake taɓawa kullum, kamar akwatin Calques, mai nuna hawa-hawan hoto, da na Historique, mai ba da damar komawa baya, ya rufe sauran. Photoshop tana iya adana wannan shiri a ƙarƙashin Espace de travail, a ba shi suna: ɗaya don hotunan katin shaida, wani don na biki. A ofishin da mutum 3 ko 4 ke aiki da kwamfuta guda, kowa sai ya ajiye nasa, babu mai ɓata wa wani.

Ta uku ta shafi launi. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Sai dai abin da ke kewaye da hoto yana ruɗa shi. Hoton da ke tsakiyar farin fili yakan yi kamar ya yi duhu, wanda ke cikin baƙi kuma kamar ya yi haske. Don haka gwanaye ke zaɓar ruwan toka a kewaye da shi.

Ya kamata shugabannin ma'aikatu su lura: kafin a nemi kuɗin sayen babban allo, a koya wa ma'aikaci amfani da wanda ke gabansa. Kafin kuma a aika da hoto wurin bugawa, a ɓoye akwatunan, a buɗe shi kashi 100 cikin 100, a bi shi lungu-lungu da ido.