Cibiyar Da Ke Haɗa Alƙali Da Lauya

Tsangayar Shari'a ta kowace jami'a tana da aiki ɗaya babba, watau yaye lauyoyi. Amma akwai fannonin da darussan aji ba su isa su ƙure su ba. Don haka ne ake kafa cibiyoyi na musamman, inda masana ke duƙufa a kan fanni guda.

Misali shi ne Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci da ke harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda aka kafa shekaru kaɗan bayan buɗe jami'ar a 1962. A lokacin, Dokar Finalkod ta 1960 ta riga ta fara aiki a Arewa. Alƙalin da ya ƙware a littattafan Malikiyya sai ga shi yana hukunci da kundin da aka tsara da Turanci. Lauya kuwa bai san Larabci ba. Cibiyar ta shiga tsakani, tana horar da alƙalai da ma'aikatan kotu a fannonin biyu.

Amfaninta ya sake bayyana bayan 1999, sa'ad da Zamfara da wasu jihohi 11 suka faɗaɗa aiki da Shari'a, dokokinsu kuma suka saɓa wa juna. A 2002 cibiyar ta tsara daftarin kundi ɗaya domin daidaita su.

Talakan da ke neman haƙƙinsa na gado bai san da wannan cibiya ba. Duk da haka, ilimin alƙalin da zai raba masa gadon yana iya kasancewa daga can ya samo asali.